Injiniya da Ɗan Ina-da-kisa

Babanmu mai gyaran fanka ne. Yana taɓa dutsen guga da butar lantarki, har rediyo in ta kama, amma fanka ita ce sana'arsa, ita ya sani kamar yunwar cikinsa. Shagonsa yana kwanar layinmu, tsakanin mai wanki da guga da wata mata mai sayar da robobi. Ɗan wuri ne da in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya fito kafin ɗayan ya juya. Fankoki a rataye, fankoki a jingine, wasu ba fukafukai, wasu ba wuya, masu su sun kawo sun manta da su tun ina 'yar firamare. Ba ya zubar da ko ɗaya. In ka ce masa wannan ai ta mutu, sai ya ce fanka ba ta mutuwa, suma take yi. Mutanen layi suna ce masa Injiniya. Da zolaya aka fara, sunan ya bi shi, har Mamanmu ma haka take kiransa in tana neman tsokana.

Mutum ne mai taushin zuciya har abin ya yi yawa. Da haushi nake faɗar haka, don ni Mama na biyo, ba na iya ganin abu in haɗiye. Baba kuwa ko kyankyaso ya tarar a cikin fanka, takarda yake sawa ya ɗauke shi ya kai bakin kwata ya ajiye. Duk labarin da ba shi da daɗi, in ya biyo ta bakinsa sai ya fito da kwalliya. Shekarar da ƙanena ya faɗi jarrabawa, Baba ne ya je dubo sakamako. Ya dawo ya shaida wa Mama cewa malaman ne suka ga yaron yana da hankali, ba sa son rabuwa da shi da wuri, shi ya sa suka roƙi ya ƙara shekara.

Abu ɗaya ne bai dace da wannan hali nasa ba, shi ne son fim. Kuma ba kowane fim ba, na harbe-harbe da guje-guje da mota. Mutumin da ba ya iya kallon ana yanka kaza, sai ka gan shi a gaban talabijin ya buɗe baki ana ta zubar da mutane. Mama ba ruwanta. Tela ce, kayan 'yan makaranta take ɗinkawa, kekenta yana bakin tagar falo. Tana taka keke tana ɗan ɗago kai ta ce, “Injiniya, har yanzu ba su ƙare ba?” Shi kuma ya ce saura kaɗan, ranki ya daɗe.

Da idonta ya fara samun matsala, cewa ta yi zaren ne ya lalace, ba ya shiga allura. Daga nan ta fara karo da gefen ƙofa. Kafin mu farga mu kai ta asibiti, duniya ta tsuke mata ta koma kamar mai leƙe ta cikin bututu, daga baya bututun ma ya rufe. Ni na raka su ranar da likita ya gama gwaje-gwajensa. Ya bar Mama a benci a waje, ya kira ni da Baba ciki. Ya ce hawan jinin ido ne, an makara, jijiyar ta riga ta mutu, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Ya ce abin da za mu yi mata yanzu shi ne mu taimaka ta koyi gidan da hannu da ƙafa, ta koyi riƙe sanda, tun tana da ƙarfinta.

Muna fitowa Baba ya riƙe mini hannu. Malama yake ce mini, don koyarwa nake yi. Ya ce, “Malama, don Allah ki bar ni in gaya mata da bakina.” Na ce to. Muka isa wurin bencin, ya durƙusa a gabanta ya gyara mata takalmi, ya ce, “Likita ya ce a hankali zai dawo. A ci gaba da ɗiga magani.”

Na so in yi ihu a wurin. Amma na ga yadda fuskar Mama ta washe, kuma na riga na yi alkawari.

Ƙaryar nan ta fi shekara tana zaune da mu a gida, kuma ba zaman banza ta yi ba. Na sayo sanda, Mama ta ce in fitar mata da ita, sandar me ita da take jiran sauƙi. Ta ƙi koyon komai. Tana zaune a kujera ɗaya daga safe har yamma, in za ta ban ɗaki sai an riƙe ta. In mata suka kawo yadi sai ta karɓa ta shafa, ta ce su ɗan yi haƙuri, ido ya kusa. Yadin mutane ya taru a kan keke. Wata rana da ba kowa a gida ta tashi neman ruwa, ta kife butar shayi a hannunta. Ranar na sami Baba a shago na wanke shi tas, abin da ban taɓa yi ba. Na ce tausayinsa zai kashe mana uwa. Bai ɗago kai daga fankar da yake kwancewa ba. Ya ce, “Na sani. Kullum da safe nake cewa yau, in na ga ta miƙo fuska a ɗiga mata magani sai bakina ya mutu.”

Abin da ya iya shi ya yi. Ya fara rufe shago da la'asar, ya dawo ya zauna kusa da ita ya kunna fim, ya zama idonta. Finafinan da harshen waje suke, ba wanda yake ji a cikinmu, sai rubutun fassara da ke fitowa a ƙasa, wanda Baba yake bi a hankali yana motsa leɓe. Shi zai gaya mata wa ya shigo, me ya sa, me ya ce, har launin labule. Mama da ba ta taɓa kula fim ba sai ga ta tana tambaya ko yarinyar jiya ta sami mahaifinta. Wannan kam na yaba masa. Duk wunin ranar, lokacin nan ne kawai take mantawa da jira.

Ana haka wani mai kawo gyara ya ba shi wani faifai. A shago ya fara kallo, a 'yar talabijin ɗin da wani ya kawo ya manta. Na biyo daga makaranta na tarar da shi yana dariya har yana share hawaye da tsumman mai. Ya jawo mini kujera ya ce sai na gani.

Labarin wani ɗan ina-da-kisa ne, dattijo mai ciwon gwiwa, da wata kwat da ta yi masa yawa. Ana biyansa ya kashe mutane, kuma yana kashe su, fim ɗin bai wanke shi ba. Sai dai yana da wata ɗabi'a da ta zame masa alaƙaƙai. In ya shiga gidan mutum sai ya goge ƙafa, ya zauna, ya gaya masa abin da ya kawo shi ba kwana-kwana, sannan ya tambaye shi ko akwai abin da ya bari bai ƙarasa ba. Wanda ya koya masa aikin ne ya ce haka ladabi yake. Kuma duk abin da aka bar masa sai ya cika. Na farko ya bar masa aku mai zagi. Wani ya ce akwai tsohuwarsa da yake zuwa yanke wa farce. Wani ya bar masa ban ɗakin da ya fara sa wa tayil bai gama ba. Kafin a kai tsakiyar fim, makashin nan ba shi da lokacin kansa. Yana isa wurin kisa a makare, da siminti a gwiwar wando, aku na zaginsa daga cikin mota.

Na yi dariya har cikina ya ƙulle, kuma na ji kunyar dariyar. Baba ya ce ai nan gwanintar take. Ya ce, “Wanda ya shirya fim ɗin nan ya san inda ake taɓa mutum. Zai sa ki dariya, kina rufe baki ki tuna akwai gawa a bayan kujera.” Ya mai da wani wuri baya don in ga yadda dattijon yake goge bindiga ya naɗe ta a tsumma. “Dubi hannunsa. Wannan ma'aikaci ne.” Sai kuma ya ce astagfirullah. Abin da ya fi damunsa, in ji shi, ya san mutumin mugu ne, bai manta ba ko sau ɗaya, amma da 'yan sanda suka ƙwanƙwasa ƙofa sai ya ji kansa yana cewa bi ta taga, bawan Allah, bi ta taga. Ya kwana biyu yana juya wannan magana, har mai wanki ya gaji da ji.

Na san ya kai faifan gida, don Baba ba ya iya son abu shi kaɗai. Na san kuma sun kalla ba sau ɗaya ba. Ban tambayi yadda yake ba ta labarin ba.

Wata Asabar da rana na kawo musu wankin da na yi. Suna falo, fim ɗin yana ci, Baba na ta bayani ƙasa-ƙasa. Ina shigowa mai wanki ya yi sallama daga ƙofa, dutsen gugarsa ya ƙi zafi ga kayan mutane jibge. Baba ya tsayar da fim ɗin, ya miƙo mini rimot ya ce a jira shi, yanzu zai dawo. Yana fita Mama ta ce, “Ci gaba, Malama. Ke ma ai kina da baki.”

Na zauna a wurinsa na kunna. Na ce, “Ya shiga gidan wani mai ƙiba. Ya zauna a kujera. Yana gaya masa an aiko shi ne ya kashe shi.”

“Ya me?”

“Ya kashe shi, Mama. Ai aikinsa ke nan.”

Kafin ta sake magana sai ga wata 'yar ƙara daga talabijin, fus, sannan wani abu mai nauyi ya faɗi. Na ce ya harbe shi.

Mama ta juyo da fuskarta wajena. “Wannan ƙarar bindiga ce?”

“Bindiga ce, an sa mata abin rage ƙara.”

“Ba kwalbar lemo ba ce?”

Sai a lokacin na gane. Na tsayar da fim ɗin na ce ta gaya mini abin da Baba ya ce mata. Ashe a fim ɗin Baba, dattijon nan wani mutumin kirki ne da ake aika wa mutanen da tafiya mai nisa ta kama. Ya je ya zauna da su, su bar masa amanar abin da ba su gama ba, ya buɗe kwalbar lemo a yi ban kwana. Abin da ke faɗuwa kuwa akwati ne.

Mama ta ɗora hannu a kan cinya. Can ta ce, “Duk lemon nan?” Na ce duk. Ta ce, “Ni ina nan ina tausayinsa, ina cewa ciwon suga zai kama bawan Allah.” Sai dariya ta ƙwace mata. Dariya ta gaske, irin wadda na manta tana da ita, tana dukan hannun kujera tana cewa wayyo cikina. Ta ce to akun fa? Na ce na mamacin farko ne, kuma ba gaisuwa yake yi ba, zagi ne. Ta sake kifewa. Na yi dariya tare da ita, hawaye na zubo mini, ban san na wanne ba ne.

Da ta lafa ta goge fuska da gefen mayafi. Ta ce, “Shi ya sa. Sai in ji yana ƙyaƙyatawa, in na tambaya ya ce fuskar mutumin ce abin dariya. Ni kuma ba fuska nake gani ba. Sai in yi masa dariyar yaƙe don kada ya ji ba daɗi.” Ta gyara zama. “Malama, ranar da muka je asibiti…” Ta tsaya. “A'a. Ba ke zan tambaya ba.”

Baba ya dawo yana goge hannu, yana ba da labarin wayar da ta tsinke a cikin dutsen guga. Mama ta ce, “Injiniya, zo ka zauna. Mai da fim ɗin nan farko, ka ba ni shi yadda yake.”

Ya dube ni. Na kau da kai. Ya zauna a hankali kamar kujerar ba tasa ba, ya mai da shi farko. Da aka zo kisan farko maganar ta maƙale masa. Ya ce, “To, nan sai ya… ya sallame shi.”

“Ya me?”

“Ya kashe shi.”

“Yawwa. Ci gaba.”

Da farko a ɗari-ɗari yake bayarwa. Amma fim ɗin ya fi ƙarfinsa. Da aka zo inda dattijon yake yanke wa tsohuwa farce tana yi masa faɗa ya cika ganganci, ita ba ta san shi ya kashe mata ɗa ba, Baba ya manta da kansa, ya shiga kwaikwayon muryoyinsu. Mama ta yi dariya, ta dafe baki ta ce innalillahi, ta sake yin wata. A wuri ɗaya suke dariya yanzu, a wuri ɗaya suke yin tsit. A ƙarshen fim aka aiko wani matashi ya kashe dattijon, yaron da shi ya koya wa aiki. Yaron ya goge ƙafa, ya zauna, ya tambaye shi ko akwai abin da ya bari. Dattijon ya gyara zama ya fara da aku. Yana cikin bayanin tsohuwa da irin almakashin da take so, yaron ya ajiye bindiga ya dafe kai, shi kuwa bai ko kai kan tayil ba. A haka fim ɗin ya ƙare.

Baba ya kashe talabijin. Ya ce, “To kin ji shi. Mugu ne ko?”

“Mugu ne,” in ji Mama. “Allah ya raba mu da irinsa. Amma ka lura ba wanda ya ɓoye wa. Kowa ya gaya masa, ya bar shi ya kintsa.” Ta miƙa hannu ta lalubo gwiwarsa. “Injiniya, me likita ya ce?”

Na tashi na shige kicin, amma ban rufe ƙofa ba. Har na ce zai sake yi mata ƙarya. Sai na ji shi, da wata murya ƙarama.

“Ya ce ba zai dawo ba.”

“Ko kaɗan?”

“Ko kaɗan. Tun ranar ya faɗa.”

Mama ta yi kuka. Ban taɓa jin kukanta da sauti ba sai ranar. Na tsaya riƙe da bakin tebur ina yi ni ma. Da kukan ya ragu faɗa ya biyo, don Mama ce. Ta ce ya bar ta tana karɓar yadin mutane kamar mahaukaciya. Ta ce ya zaunar da ita a tasha tana jiran motar da ya san ba za ta zo ba. Bai kare kansa ba. Abin da ya ce kawai, “Tsoro na ji.”

“Ni ba na ji? Kullum da shi nake kwana. Da ka faɗa, ai da mun ji tare.”

Na leƙo. Yana zaune ya sunkuyar da kai, hannunta har yanzu a gwiwarsa. Ta ja numfashi ta ce, “To, tunda ba zan ƙara ganinka ba, gaya mini yadda ka koma. Ni wanda na sani har yanzu da sauran baƙi a gemunsa.”

Baba ya share hanci. Ya ce, “Babu sauran baƙi. Furfura ta gama da shi.”

“Sai me?”

“Na rame. Wuyan riga ya yi mini yawa. Ƙasan idona ya yi jaka.” Ya taɓa bakinsa. “Haƙorin gaba na ƙasa ya fita. Ban gaya miki ba.”

“Shi ya sa kake fito in kana magana. Na zaci sabon salo ne. Matso.”

Ya matso. Ta ɗaga hannu, ta fara cin karo da kunnensa, ta gangaro kan kumatun da suka faɗa, ta bi gemun a hankali da yatsu har haɓa. Ta daɗe tana shafawa.

“Kai, Injiniya,” ta ce. “Ka tsufa.”

“Na tsufa, ranki ya daɗe.”

Ta ce ya tsaya haka nan kada ya motsa, ba ta gama duba goshin ba.